Wani babban kamfani zai saye kamfanin intanet ɗin da na sa jari a ciki, in karɓi kuɗi ko in karɓi hannun jari?

Dan_Kwari:

Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masu ilimin harkar jari ku bani shawara, wata magana ce ta tsaya min a rai kusan sati biyu kenan, kuma ranar da zamu bada amsa sai matsowa take.

Ni ɗan kasuwa ne, yadi nake sayarwa, harkar kwamfuta ba layina bane. A 2019 wani ƙanin abokina da ya karanci fannin sadarwa ya zo mana da maganar buɗe ƙaramin kamfanin sayar da intanet, irin masu kafa eriya a saman bene suna harba sabis zuwa gidaje da makarantu da otal-otal. Mu biyar muka haɗa kuɗin, akai rajista, aka karɓi lasisi, ni kasona kashi 12 cikin 100. Lokacin korona abun ya yi kyau sosai don kowa na zaune a gida kowa na neman intanet, har muka ci bashin banki aka ja faiba a unguwanni biyu. To dizal dama tun 2022 ya haukace, sai kuma 2023 dala ta tashi, rawuta da waya da batir duk da dala ake shigo dasu, lissafi ya rikice gaba ɗaya, ga kuma Starlink ya shigo ya kwashe mana wasu manyan kwastomomi irin waɗanda suke biya ba sai an bi su da waya ba. Tunda muka fara sau ɗaya tak aka taɓa raba riba, duk abinda ya shigo sai ace za a mayar cikin aiki ko a rage bashi.

Yanzu wani kamfani daga Legas da ya fi mu girma nesa ba kusa ba ya zo ya taya kamfanin gaba ɗaya. Zaɓi biyu suka bamu. Na farko lakadan, amma ba duka a lokaci ɗaya ba, kashi 60 ranar sa hannu, ragowar 40 sai bayan shekara ɗaya in kwastomomi basu ragu ba. Na biyu su bamu hannun jari a kamfaninsu, wanda a takarda ya fi lakadan ɗin da kusan kashi 30, kuma suna cewa nan gaba kaɗan zasu shiga kasuwar hannun jari ta Legas, lokacin duk wanda ya riƙe zai dara.

Shi yaron da ke tafiyar da kamfanin hannun jarin yake so, sun ce zasu bashi manajan shiyyar arewa. Mutum biyu kuɗi suke so. Na ƙarshen ya ce duk inda na faɗi nan zai faɗa, kunga kenan nauyin ya dawo kaina, kuma shi kuɗin sallamar aikinsa ne ya zuba a ciki. Dan Allah wanda ya san yadda irin wannan cinikin ke ƙarewa ya faɗa min gaskiya ko da ba zata min daɗi ba.

Bakano_a_Amurka:

Wa alaikumussalam Alhaji, Allah ya zaɓa mana mafi alheri. Ni ba dillalin hannun jari bane, amma na daɗe ina bin labarin kamfanonin intanet na nan Amurka don nan ne akafi yin irin wannan haɗiye-haɗiyen, kuma akwai labari ɗaya da nake so ka zauna ka karanta a tsanake kafin ka bada amsa.

Akwai wani kamfani Frontier, layukan tarho da intanet yake sayarwa, yawanci a ƙauyuka da ƙananan garuruwa. Shi hanyar da ya zaɓa ta girma ita ce sayen abinda manya suka gaji dashi. A 2010 ya sayi layukan Verizon, wani babban kamfanin sadarwa na Amurka, a jihohi 14, kuma kaso mai yawa na kuɗin da hannun jarinsa ya biya ba da tsaba ba. A 2014 ya sayi na AT&T a jihar Connecticut dala biliyan 2. A 2016 ya sake komawa wajen Verizon ya sayi na Kalifoniya da Texas da Florida sama da dala biliyan 10 da rabi, wannan karon bashi ya ciwo mai yawan gaske. Duk lokacin da akai ciniki sai a fito a ce kamfani ya ƙara girma, kwastomomi sun ninka, za a rage kashe kuɗi tunda ofis ɗaya zai yi aikin ofis biyu, kuma mutane da yawa musamman tsofaffi 'yan fansho suka riƙa saye saboda yana raba riba mai kauri duk bayan wata uku.

Abinda ya faru shine mafi yawan abinda ya saya tsohuwar wayar tagulla ce, mutane kuma suna ta gudu zuwa kamfanonin kebul da suka fi sauri. Kuɗin da ya kamata a sa a ja faiba kuɗin ruwa ne yake cinyewa. A 2017 aka haɗe hannun jari 15 ya koma 1 don farashin ya faɗi ƙasa warwas, a farkon 2018 aka daina raba riba kwata-kwata, a watan Afrilun 2020 kamfanin ya je kotu ya ce ya karye, da bashin dala biliyan 17 da rabi a wuyansa. Da aka fito daga kotun a 2021 masu bin bashi ne suka zama masu kamfanin, tsofaffin masu hannun jari kusan komai basu samu ba.

To ga inda abun yake da zafi Alhaji. Sababbin masu kamfanin da aka sauke musu mafi yawan bashin suka duƙufa jan faiba, sai gashi a watan Satumban 2024 ita Verizon ɗin da ta sayar masa da layukan tun farko ta dawo ta ce zata saye shi, dala 38.50 kowane hannun jari, lakadan. Kamfani ɗaya ne, suna ɗaya, garuruwa ɗaya, amma wanda ya riƙe takardarsa kafin 2020 ya tashi a tutar babu, wanda ya karɓa bayan 2021 ya ci riba. Abinda ya raba su bashi ne kawai. Shi yasa tambayar farko da zaka yi ba nawa suka taya bane, tambayar ita ce su masu sayen nawa ake binsu, wa ke binsu, da naira ne ko da dala, kuma kuɗin da zasu saye ku dashi daga ina ya fito. In kamfanin yana ta sayen ƙananan kamfanoni irin naku ɗaya bayan ɗaya da kuɗin banki, to ranar da ka karɓi hannun jarinsu ka sayi wani yanki na wannan bashin ne, kuma in abu ya lalace banki ne a gaban layi kai kana can ƙarshe.

Sannan ka kula da adadin da ake faɗa a baki. Cinikin Verizon ɗin nan dala biliyan 20 ake cewa, amma har da bashin da zata gada a ciki, abinda ya shiga aljihun masu hannun jari wajen rabin haka ne. Ku ma tunda kun ce akwai bashin banki na faiba, ka tambaya ƙarara, wannan kuɗin da suka taya kafin a cire bashin ne ko bayan an cire. Na ga mutane sun lissafa kasonsu a kan babban adadi sun riga sun kashe kuɗin a zuci, ranar biya suka ga wani abu daban.

Maganar ƙarin kashi 30 kuwa, wa ya yi wa hannun jarin nasu kuɗi? Su da kansu. Tunda basu shiga kasuwa ba babu wani farashi da jama'a suka yarda dashi, zasu iya cewa kamfaninsu ya kai duk abinda suka ga dama. Ko wanda yake kasuwar ma ba tabbas bane. A watan Janairun 2000 AOL, wanda a lokacin shine sarkin masu sayar da intanet ta layin tarho, ya sanar da haɗewa da Time Warner kuma da takardar hannun jarinsa aka ƙulla cinikin lokacin tana kan ganiyar tsada. A 2002 haɗaɗɗen kamfanin ya yi asarar kusan dala biliyan 99. Masu Time Warner sun bada gidajen talabijin da mujallu da kebul na gaske sun karɓi takarda. Ni dai a wajena ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, ballantana ga kuɗin sallamar wani bawan Allah a ciki.

Mai_Jan_Faiba:

Yallaɓai ni ta ɓangaren aiki zan yi magana don shekarata tara ina jan waya da hawa ƙarfen sabis, kuma an taɓa saye kamfanin da nake wa aiki ina ciki.

Kafin ku ce kun sallama ko albarka, ku fara gane me suke so a wajenku, don ba sunanku suke so ba. Kowane mai saye akwai abu ɗaya da idonsa ke kai. Lokacin da MTN ta sayi Visafone a farkon 2016 ba wayoyin CDMA ɗinsu take so ba, zangon iska na 800MHz take so don ta yi 4G dashi, shi yasa ma Airtel da 9mobile suka yi ta ƙorafi har hukumar sadarwa ta NCC ta zauna sauraron jama'a akan maganar a 2018. Equinix ta Amurka da ta sayi kamfanin MainOne na Legas dala miliyan 320, aka sanar a Disamban 2021 aka kammala a Afrilun 2022, cibiyoyin adana bayanai da wayar ƙarƙashin teku da ta taso daga Fotugal zuwa Legas ne suka ja ta. Ku baku da zangon iska baku da wayar teku, to me ya rage? Inaga faibar nan ce ta unguwanni biyu da takardun izinin haƙa hanya. Wanda bai yi aikin ba bazai gane wahalar samun izinin nan ba. An ce naira 145 kowace mita tun tuni, Kaduna ma ta yafe gaba ɗaya a 2020, amma jihohi da dama abinda ake karɓa daban, ga ƙaramar hukuma ga masu unguwa ga masu aikin titi da zasu zo da katafila su tsinke maka waya cikin minti biyar. Kamfanin Legas in zai fara daga farko sai ya ci shekara yana zarya a ofisoshi. Wannan shekarar da kuka rage musu ita ce hajarku, ku yi mata kuɗi da kyau.

Eriyoyin saman bene kuwa kada ku sa rai, a wajensu kusan kwandon shara zasu.

Sai maganar kashi 40 da suka ce sai kwastomomi basu ragu ba, nan ne gabana ya faɗi. Bara in baka abinda na gani da idona. Da aka saye mu, wata na farko aka rufe layin da kwastoma ke kira ya samu ɗan garinsu yana jin Hausa, aka mayar da kiran can babban ofis. Wata hajiya mai makarantar kuɗi da ta saba in sabis ya ɗauke ta kira ni kai tsaye in zo da mashin cikin rabin awa, yanzu sai a bata lamba a ce ta jira awa 48. Ranar da ɗalibanta zasu yi jarrabawa ta kwamfuta sabis ya ɗauke tun asuba, ina zaune a ofis da na'urar haɗa faiba a jakata amma ba a bani izinin fita ba don takardar aikin bata iso daga sama ba. Washegari ta sa aka cire rawutarmu ta ajiye a bakin get. Aka canza tsarin biya, aka ƙara kuɗi, aka sallami rabin masu gyara. Kafin shekara kwastomomi sun zube sosai, kuma ba laifin tsofaffin masu kamfanin bane don an riga an karɓe sitiyari daga hannunsu, amma su aka yanke wa cikon kuɗinsu. Har yau in na tuna raina na ɓaci don mutanen kirki ne.

Kenan ana ɗaura kuɗinku a kan abinda ba ku zaku juya shi ba. In dole sai anyi haka to a rubuta cewa bazasu ƙara farashi ko su kori masu gyara ba a cikin shekarar, in sun yi to cikon ya zama wajibi ko kwastoma ɗaya ne ya rage.

Dan_Kwari:

Allah ya saka da alheri, wallahi jikina ya yi sanyi. Maganar bashin nan ban taɓa tambaya ba, yanzun nan na kira yaron ya ce shima a zatonsa bayan an cire ne amma bai ga inda aka rubuta ba. To ta yaya ma ake sanin kuɗin da kamfani irin namu ya kamata ya yi? Mu a kasuwa in zaka sayi shago ka san kuɗin kaya ka san kuɗin wuri, wannan fa?

Hajiya_Akanta:

Alhaji sannu da ƙoƙari. Aikina kenan duba littattafan kamfanoni, bara in amsa maka wannan ta ƙarshen.

Hanyar da akafi bi ita ce a duba ribar aiki ta shekara, wato abinda ya shigo a cire albashi da dizal da haya da kuɗin da kuke biyan waɗanda kuke sarin intanet a wajensu, amma kafin a cire kuɗin ruwa da haraji da tsufan kaya. Sai a ninka wannan sau kaza. MainOne da ɗan uwa ya ambata, kuɗin shigarta a shekara wajen dala miliyan 60 ne, kuma Equinix ta ce ta biya kusan ninki 14 na ribar aiki. Amma kada ku ɗauki 14 ɗin nan ku je teburin ciniki dashi, wancan kamfani ne mai kwastomomi bankuna da manyan kamfanoni da kwangilar shekaru, ƙaramin kamfani mai kwastoman wata-wata ƙasa da haka sosai ake bashi. Misali kawai, in ribar aikinku miliyan 40 ce aka ninka sau 5 ya zama 200, in ana binku 70 to 130 zaku raba, kai kashi 12 na 130 ɗin ne naka. Hanya ta biyu a lissafa nawa zai ci mai sayen in zai ja irin faibarku yau da dalar yau, kuma inaga ta nan zaku fi samun bakin magana don kun ja taku lokacin dala bata kai 500 ba. Ku sa a yi duka biyun, kuma wanda zai yi ya zama ku kuka ɗauko shi ku kuke biyansa.

Kwastoma ma ba duka ake ƙirgawa ba. Zasu nemi bayanan banki su ga su waye suka biya wata shida a jere, wanda ya sa rawuta ya daina biya tun bara sunansa na littafi ne kawai.

Abu na biyu, kuma ka yi haƙuri zan faɗa, yaron nan bai kamata ya zama shi ke ciniki a madadinku ba. Ba ina cewa zai ci amana bane, amma an yi masa alƙawarin kujera, shi ko hannun jarin ya zama takarda yana da albashi, ku baku da komai. Ku samu lauya naku daban, ba lauyan masu saye ba ko da sun ce zasu biya muku.

Na uku ciniki baya ƙarewa ranar sa hannu. Kamfani mai lasisin sadarwa in za a sayi sama da kashi 10 nasa sai an je NCC, kuma in kuɗin shigar kamfanonin biyu a haɗe ya kai naira biliyan 1 a shekara sai an sanar da hukumar gasar kasuwanci ta FCCPC ta amince. Naku ƙarami ne ba lallai a hana ba amma yana iya ɗaukar watanni, kuma a tsakanin nan ma'aikata sun ji labari sun fara neman wani wuri. A Afirka ta Kudu Vodacom ta sanar da sayen kaso a kamfanin faiba na Maziv tun Nuwamban 2021, kotun gasar kasuwanci ta hana a Oktoban 2024, sai a 2025 aka samu amincewa bayan ɗaukaka ƙara. Kafin nan ma Vodacom ɗin ta yi yunƙurin sayen Neotel abun ya wargaje a 2016, daga baya Liquid ta saya. Don haka a rubuta ranar da in ba a kammala ba kowa ya kama gabansa, da abinda zasu biya ku in su suka janye. Kuma da yadda naira take, kashi 40 ɗin da za a baku bayan shekara ba darajarsa ɗaya da na yau ba, ku nemi a ajiye shi a asusun amana a hannun wani banki tun ranar farko, ba a aljihunsu ba.

In kuma wani a cikinku ya dage sai hannun jari, ya sani cewa a kamfanin da baya kasuwa in kana da ɗan ƙaramin kaso baka da wanda zaka sayar wa sai su, kuma su zasu faɗi farashi. Sai a rubuta cewa in basu shiga kasuwa ba zuwa rana kaza dole su saya a kan kuɗi kaza. Sannan tunda nasan mutanenmu suna kula da wannan, malaman da ke tantance hannun jari na halal a ma'aunin AAOIFI, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci, suna duba kada bashin ruwa na kamfani ya wuce kashi 30 na darajarsa, kaga ko ta nan ma sai ka ga littafinsu kafin ka karɓa.

Abu_Jari:

Ni kam zan ɗan saɓa da Bakano, ba don bai faɗi gaskiya ba sai don gefe ɗaya ya kawo. Harkar intanet ta gida harka ce ta mai yawa, wanda ya fi kwastoma shi ke sarin intanet da araha, shi banki ke saurara, shi ke iya jure shekara biyu ba riba. Ƙananan nan ko a saye su ko su mutu a tsaye, ballantana yanzu da Starlink ya shigo Najeriya tun Janairun 2023 kuma MTN da Airtel suna sayar da rawutar gida. Wani lokacin wanda ya karɓi hannun jarin mai haɗiya shi ke cin moriya. A Amurka kamfanin kebul na Charter ta saye Time Warner Cable a 2016, wani ɓangare kuɗi wani ɓangare hannun jari, kuma hannun jarin Charter sai da ya haura dala 800 a 2021. Eh daga baya ya faɗo ƙasa da 300 a 2024, amma wanda ya riƙe shekara biyar ɗin nan yana da kasuwar da zai sayar a duk ranar da ya ga dama, ya samu.

Kuma akwai darasi a yadda cinikin ya faro. Wani kamfanin kebul ɗin, Comcast, ta taya a 2014, kusan dala 159 kowane hannun jari, hukumomi suka nuna bazasu yarda ba ta janye a Afrilun 2015. Wata ɗaya bayan nan Charter ta zo da kusan dala 196. Wato mai saye na biyu shi ya ɗaga farashi. Ku mutum nawa kuka nuna wa kamfanin naku? In ɗaya ne to ba ciniki kuke ba, kyauta kuke shirin yi. Alhaji kai ɗan Kwari ne ka fi ni sanin abinda ke faruwa in mutum biyu suka kama dila ɗaya.

Shawarata ba dole kowa ya bi layi ɗaya ba. Mai kuɗin sallama a bashi lakadan ɗinsa duka ya huta. Kai da kake da wata sana'ar zaka iya karɓar mafi yawa a kuɗi, ka bar ɗan abinda in ya tafi bazai hana ka bacci ba a hannun jari, bayan ka ga littafinsu da aka tantance na shekara uku. In sun ƙi nunawa ka samu amsarka.

Bakano_a_Amurka:

Malam Abu na yarda da maganar neman mai saye na biyu ɗari bisa ɗari. Inda muka rabu shine Charter tana kasuwa, ana ganin bashinta duk wata uku, kana danna waya ka sayar. Na Alhaji alƙawarin shiga kasuwa ne kawai, cinikin biri a sama. Ko a gida ai mun ga Etisalat da ta ci bashin dala biliyan 1.2 a wajen bankuna 13 a 2013, naira ta faɗi, a 2017 masu ita suka tattara suka bar ta, kuma wannan kamfani ne da kowa ke ganin ya fi ƙarfin faɗuwa.

Dan_Kwari:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Na yi magana da sauran ukun bayan isha'i, mun yarda gobe za a tura musu takarda a nemi ƙarin wata ɗaya, a nemi littafinsu na shekara uku, kuma su rubuta mana ƙarara ko da bashi ne ko ba bashi. Akwai wani kamfani a Abuja da ya taɓa tambayar hayar faibarmu bara, zan sa a tuntuɓe su suma. Yaron bai ji daɗi ba da na ce lauya daban zamu ɗauka, na zaunar dashi na ce masa ba zarginsa ake ba. Hajiya dan Allah in da hali ki faɗa min takardun da ya kamata mu fara tarawa kafin mu je wajen mai kimanta kamfanin, don na tambaya ance wasu rasiɗan aikin faiba na 2021 ba a san inda suke ba.